Littafin da Kawu Ya Yi wa Talla

Duk layin, har waɗanda suka girme shi, Kawu suke ce masa. Ɗan ƙanwarsa ne ya jawo masa sunan. Yana rarrafe aka kawo shi bayan rasuwar uwar, ya tashi a hannun Kawu da matarsa, su da Allah bai ba su haihuwa ba. Ko da wasa Kawu bai taɓa kiransa ɗan ƙanwa ba, kullum "ɗana" ne.

Sana'arsa tuƙin tasi, da wata koriyar mota da yake kira Tsohuwa. Ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje, rediyonta kuwa da an faɗa rami sai ya kunna kansa. Yawancin fasinjojinsa matan kasuwa ne da ma'aikatan asibiti, masu tsokanarsa cewa tsakaninsa da motar ba a san wanda zai riga wani ritaya ba. Shi kuma ya ce duk wadda ta raina Tsohuwa, ga hanya nan, ta taka da ƙafa.

Ranar da ɗan, wanda yanzu ya zama magidanci, ya kawo masa littafin da ya rubuta, bakin Kawu ya ƙi rufuwa. Ƙananan rubutu sun daina zama masa a ido, kuma dama shi ba mai karatun labari ba ne. An dai ce masa labarin tsoro ne, na wata mota mai aljanu da ke kashe mutane. Ya yi dariya, ya ce Allah ya shirya, ya jingina littafin a gaban gilashi. Duk wanda ya shiga motar sai ya sha talla.

"Ɗana ne ya rubuta. Ku saya ku karanta."

Suka kuwa saya. Wata nas ta ce tana karantawa har girkinta ya ƙone. Wani malamin makaranta ya ce shirme ne, amma da aka taɓo ƙarshen labarin ya fi kowa zaƙewa. Mai sayar da atamfa, wadda ta yi shekaru tana zama a kujerar baya, ta dawo gaba, daga baya ma in ta hango shi sai ta yi kamar tana neman wani abu a jaka. Nas ɗin ce ta gaya masa dalili: motar littafin ma koriya ce, da ƙofar da rediyon duk iri ɗaya.

"To ina laifi?" in ji Kawu. "Tsohuwa ta shiga littafi, ku ina kuka shiga?"

Fasinja suka ragu, bai damu ba. Ɗansa ya zama abin kwatance, wannan ya ishe shi.

Wata rana da hantsi wasu 'yan mata ɗalibai suka tare shi, ɗaya riƙe da littafin. Suka cika baya suna ɗaukar hoto, suna ƙus-ƙus. A kan wani hawa Tsohuwa ta yi halinta, ta mutu. Kawu na ƙoƙarin tayar da ita, sai ɗaya ta shaƙe murya kamar fatalwa ta ce, "Bar ta ta huta, ni ma zan huta." Sauran suka tuntsire da dariya.

Hannun Kawu ya saki makulli. Shekarun baya, ya ɗauko matarsa rai a hannun Allah zai kai ta asibiti, motar ta mutu a hanya. Yana dukan sitiyari yana tsine mata, sai matar, tana kwance a wannan kujerar ta baya, ta faɗi wannan maganar. Kafin motar ta tashi, matar ta cika. Kowa ya ɗauka a asibiti ta rasu. Mutum ɗaya Kawu ya taɓa gaya wa, ranar da ɗan ya zauna a gabansa yana kuka, yana tambayar ko ta sha wuya.

"'Yata, a ina kika ji wannan?"

"Ai a littafin ne, Baba. Matar direban ce ke faɗa lokacin da motar ke kashe ta, daga baya muryarta ta riƙa fitowa a rediyo. Kowa ya haddace. Direban ma ai mugu ne, ya san komai amma ya ƙi rabuwa da motar."

Da Tsohuwa ta tashi, ya kai su inda za su, ya fita ya buɗe musu ƙofa kamar yadda ya saba. Daga nan ofishin ɗan ya nufa. Ya same shi yana duba saƙonnin masu karatu a waya, fuska cike da fara'a.

"Kawu, labari ne kawai," in ji shi, bayan ya saurara. "Wallahi don kada maganarta ta ɓace na sa. Kowa cewa yake wurin ne ya fi taɓa shi."

"Dariya suke yi, da kunnena na ji."

"Wasu ne kawai, Kawu."

"Ita ta goye ka. Ban gaya maka don ka ba duniya ba, na gaya maka ne don ka daina kuka."

Ɗan ya sunkuyar da kai, wayar na ta ƙara a hannunsa. Abin da ya fi ƙona wa Kawu rai shi ne da bakinsa ya yi ta roƙon mutane su saya, bai san abin da yake tallatawa ba.

Washegari ya fito aiki kamar kullum, domin Tsohuwa ba ta yi masa laifin komai ba. Malamin makarantar nan ya shiga gaba, ya dubi wajen gilashi ya ga wayam.

"Kawu, ina littafin ɗanka?"

Kawu ya murɗa makulli, ya jira inji ya daidaita.

"Ɗan ƙanwata ne," ya ce.