Azumin da Ba Shi da Sahur

A shekarun saba'in ni matashin ɗan kasuwa ne a Gure, ina sayar da sukari, shayi da atamfa a shagon da mahaifina ya bar mini. Aji huɗu kacal na yi a lakwal, wato makarantar boko, amma in ka ji yadda nake taunar Faransanci a gaban mutanen Kelle da Gidigir, sai ka rantse da shi aka yaye ni. Matata kaɗai ke yi mini dariya, takan ce Faransancina rigar aro ce, wuya ya shiga, hannu ya ƙi. Ina sonta ƙwarai, har abokaina na yi mini tsiya wai ta shanye ni.

Shekara uku da aurenmu ciwon mara ya sa ta gaba, ta gefen dama. An sha saiwa, an sha rubutu, shiru. Na ɗauke ta a babbar mota muka tafi Damagaram. Likitan mata, wani Bature, ya ce yana zargin ƙari ne a jakar ƙwan haihuwarta. Ba zai tsaga cikin ba tukuna, zai sa ta barci, ya ɗan huda ƙasan cibiya, ya zura siririn bututu mai fitila ya gani da idonsa. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya matso zai fassara mana, na ɗaga masa hannu na ce ai ina ji. Likitan ya yi ta nanata cewa ta zo da safe tana ajan. Kalmar ta yi mini kama da wadda suke kiran azumi da ita, sai na gaya mata an ce gobe ta tashi da azumi.

To wa ke ɗaukar azumi ba sahur? Kafin asuba na dama mata fura da nono. Ta ce, Maigida, ba na jin ci, na yi ta lallashi har ta shanye ƙwaryar, don kada yunwa ta kayar mini da ita. Da aka tambaya ko tana ajan, na ce ƙwarai kuwa.

Ashe nufinsu kada komai ya shiga cikin, ko da ruwa ne. Tana cikin barcin maganin ta yi amai, furar ta bi hanyar numfashi ta shiga huhu, dole aka tsayar da aikin. Kwana tara tana fama da zazzaɓi, numfashi da ƙyar, ni kuwa ina raɓe a bakin ƙofa ina kuka kamar yaro. Na faɗa wa Majo gaskiya. Bai zage ni ba, ya dai girgiza kai, da ma zagin ya yi. Da ta farfaɗo, mahaifiyarta ta tambayi wanda ya ba ta abinci, sai matata ta ce ita ta faki idona ta sha saboda kwaɗayi. Ta sha faɗa a madadina, tana kallona tana murmushi.

Bayan wata biyu aka sake aikin, aka cire ƙarin, Allah ya ba mu ƴaƴa. Ƙirjin ne bai koma daidai ba. Don haka nake roƙon duk wanda zai raka nasa asibiti: azumin likita ba shi da sahur, kuma abin da ba ka gane ba, ka sauke girman kai ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ita ta daɗe da yafe mini. Amma har yau in ta yi tari, ko ina tsakiyar magana da baƙi ne, sai na yi shiru har ta gama.