Wuƙar da Baba Ya Wasa

A shekarar samun 'yancin kai ina ƙaramin malami a wata firamare kusa da Ƙofar Dundaye, kuma ni kaɗai ne a zuri'armu ta mahauta na zaɓi farin alli maimakon jan nama. Hedimasta ya ce in zana abin da za a rataya a zauren makaranta ranar biki. Jikan malamai ne, don haka ya gindaya sharaɗi: ban da mutum, ban da dabba, ban da duk mai rai. Sai fure ya rage.

Wata Baturiya mai koyar da zane ta ara mini kayan aiki: wani sabon fenti da ake sirkawa da ruwa, mai bushewa kafin ka gama alwala, da wata siririyar wuƙa mai lanƙwasa kamar ganyen rake, wadda ba ta da kaifi ko kaɗan. Da ita ake dangwalo fentin a shafa da kauri, yadda ake yaɓen ɗaki. Na ɗaure akoko a jikin katako, na yi ta zirga-zirga a keke zuwa fadamar Kwalkwalawa ina ƙare wa furen bado kallo. Furanni suka fito farare, ɓul-ɓul, har na fara tafiya kamar wanda ya san wani abu.

Ana jibi biki, saura karan fure ɗaya in ja. Na fito daga wanka, na ɗauki wuƙar a zauren gidanmu inda na bar ta, na lakato kore, na ja daga sama zuwa ƙasa da ƙarfin da na saba. Sai na ji fyat! Akoko ya dare gida biyu, ina hangen kajin tsakar gida ta tsakiyar furena.

Na daskare. Na taɓa bakin wuƙar da babban yatsa, jini ya tsattsafo. 

Baba ya leƙo, yana murmushin wanda ya yi alheri yake jiran godiya.

"Malam, ka gan ta? Yanzu kam ta zama wuƙa."

"Baba, kai ka wasa ta?"

"To wa? Ɗana na yawo cikin Sakkwato da wagga aba, ko tuwo ba ta yankawa! In 'yan mahauta sunka gani, ina za ni sa kaina?"

"Ai ba ta yanka ba ce, Baba. Ta shafe ce."

"Ta mi?"

"Shafe."

Ya dube ni, ya dubi tsagar. Ban san wanda ya fi wani kaɗuwa ba. Ni zanena ya tafi, shi kuwa yau ya ji cewa akwai ƙasar da maƙera ke ƙera wuƙa dakusasshiya da gangan, kuma mutanenta ne suka mulke mu.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Shi ad dalilin da za su tahi."

Bai ba ni haƙuri ba; ba a yi wannan zamanin ba tukuna. Ya dai saɓa zanen a kafaɗa kamar cinyar bijimi, ya kai wa amininsa baduku, aka ɗinke tsagar ta baya da zaren ɗinkin fata. Amma rufe ɗinkin da fenti sai da wuƙa, wuƙa kuma ta zama aska.

A nan na ga abin da har yau ban manta ba. Baba ya kori yara, ya sa sakata a ƙofar zaure, ya ɗauko dutsen washin da ya gada, ya kafa bakin wuƙar a tsaye a kansa ya shiga gurzawa. Ƙarar kamar ana jan kwano a kan tsakuwa. Fuskarsa a yamutse, ya ƙi kallon hannunsa. Da ya gama ya gwada ta a gashin dantsensa, ba ta ɗauki ko sili ba.

"Ungo. Kuma kak ka hwaɗa ma kowa."

Na lafta kore a kan ɗinkin, kara ya fito da kauri kamar na dawa. Aka rataya zanen a kan lokaci. Ranar biki Baba ya zo da babbar riga, ya wuce furannin bai ko dube su ba, ya sa hannu ta baya ya shafa ɗinkin.

"Wanga ɗinki kam aikin ƙwarai na," in ji shi.