Igiyar Baba Mai Awo

Kullum kafin ya taɓa sifana, Baba Mai Awo sai ya share dandamalin simintin da ke gaban garejinsa, domin a cewarsa mota ba ta faɗin gaskiyar tsayinta a kan tudu da kwari. Shekara talatin da ɗoriya yana haka. A watan nan ya ajiye aiki, kuma cikin waɗanda abin ya taɓa har zuci akwai Mai Tanki, matar da ke kai wa magina ruwa.

Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, da tirelar tanki, da a-kori-kura da aka ɗaga sama a kan manyan tayoyi. Da zarar ta ɗaura tankin sai bayan motar ya zauna, gaba ya kalli sama, sitiyari ya ƙi jin magana. Ƙanin mijinta ya ce ta sayi jakunkunan iska, robobin nan da ake sawa tsakanin ƙarfen tayoyin baya da jikin mota. Mai shago ya miƙo mata na motar da ba a ɗaga ba. Mai faci kuma ya ɗura musu iska har suka yi tauri, wai yawan iska ƙarin ƙarfi ne. Kowa da tasa, kuma kowa har da rantsuwa. Ba a yi sati biyu ba jaka ɗaya ta yage a kan hanya, tankin ya kusa kifar da ita. Ta iso garejin Baba ta gama yanke shawarar sayar da motar, ba ta kuma san me yara za su ci bayan nan ba.

Baba ya yi mata bayanin lambobin awon iska, ita kuwa kai kawai take gyaɗawa, ko ɗaya bai shiga ba. Abin da ta tsinta bai wuce cewa gajeriyar jaka a doguwar mota miƙewa take har ta yage ba. Ya sa mata dogaye, kowacce da nata tiyon. Sannan ya ce a cire tirelar, ya ɗauko igiya ya auna daga ƙasa zuwa bakin madigadi, ya ƙulla.

"Ƙanwata, manta da lambobin nan," in ji shi. "In kin ɗaura tanki, ki sa iska har ƙullin ya zo daidai nan, ki tsaya. In kin sauke ki rage, amma kar ki bar su wayam. Kuma jaka ba ta ƙara wa mota ƙarfi, kar ki ƙara mata kaya."

Shekara shida ke nan, motar tana aiki, yara suna makaranta.

Sai ranar da aka yi masa sallamar ajiye aiki 'yarsa ta faɗa wa Mai Tanki cewa idonsa ya daɗe da daina ganin allurar ma'aunin iska, tun kafin zuwanta. Mai Tanki ta sake rikicewa. Ashe igiyar da ta zata ya ƙirƙiro domin jahilcinta, da ita shi ma yake gani.

Kai ne, Baba, ka auna da yatsa abin da masu ido suka kasa. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu sifana, in mutum ya zo muku a ruɗe, kar ku bar shi ya tafi sai da abin da zai iya riƙewa a hannu. Igiyar tana nan a rataye jikin madubin motar Mai Tanki, ƙullin ya yi baƙi da tafin hannu.