Luguden Faifai Huɗu

Ko zan manta komai na aikin da na yi a Tawa, ranar da na kashe babbar na'urar biro ɗinmu tana nan a raina har in mutu.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, bayan damina ta yi gardama. Ni planto ne, wato masinja, a wani biro, ofishin da ke raba irin gero ga manoman Adar. Sunayen magidanta duka suna cikin wata babbar na'ura mai ƙwaƙwalwa da sauran na'urorin ke ɗebo bayani daga gare ta. Ta yi nauyi ƙwarai, sai sakatariya ta nemi suna ɗaya ta sha shayi kafin ya fito. Aka kira wani masani daga Yamai.

Ni mutum ne mai fargaba, ƙofar da na kulle sai na koma na taɓa ta sau uku. Don haka na tsaya kansa ina ta tambaya. Ya ce faifan ajiye bayani biyu ke ciki, zai ƙara biyu, ya tsara su ta yadda kowane zai ɗauki guntun aiki. Da ya ga ban gane ba, ya yi murmushi.

"Baba, ka san lugude? Mata huɗu, turmi guda. Haka za su yi."

Ya daɗe yana gwada girman guntun da zai ba kowane faifai, yana auna sauri. Da azahar ya sa aikin ya kama, ya yi wa shef, shugaban biro ɗinmu, bayani da faransanci mai sauri, suka fita cin abinci. Faransancina na firamare ne, ban kama komai ba, kuma na ji kunyar tambaya.

Ina shara sai na ji na'urar tana ƙwanƙwasa, fitilunta huɗu suna ƙyaftawa ba tsayawa. Tun ranar da na fara aiki shef ya ce in na ji baƙuwar ƙara in kashe. Na tsaya gumi na zuba, na ƙirga har ɗari, ƙarar ba ta daina ba. Na danna maɓallin kashewa.

Da suka dawo, masanin ya dubi na'urar.

"Wa ya taɓa ta?"

Na ce ni ne, yallaɓai, na ji tana kuka.

"Ba kuka ba ne, Baba. Luguden ne."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Aikin ya yanke a tsakiya, sunaye sun watse. Kaset ɗin da muke ajiye kwafin sunayen na watan jiya ne, babu mutanen ƙauyen Takanamat a ciki. Aka koma ga takardu, aka yi sati uku ana sake bugawa. Na'urar kuwa, da masanin ya sake tsara ta, ta zama kamar walƙiya, amma ruwan shuka ya riga ya sauka.

Na roƙa aka tafi da ni ranar kai irin Takanamat. Wani dattijo ya karɓi nasa, ya dubi ƙasar da ta fara bushewa, ya ce mana Allah ya saka da alheri.

Har yau ina da fargaba. Amma tun ranar na koyi cewa in ban gane abu ba, bakina zan fara buɗewa kafin in miƙa hannu.