Ranar da Gwaggo Ta Kama Mu Muna Caca

A shekarun da kuɗin man fetur suke yawo, gwamnati na tura ma'aikata kwas ƙasar waje kamar ana aiken kasuwa. Yayana malamin gona ne a Birnin Kudu, shi ma aka tura shi Ingila. Abokan tafiyarsa suka dawo da rediyo da keken ɗinki, shi kuwa ya dawo da wata 'yar baƙar kwamfuta, faɗinta bai wuce faifai ba, sai an jona ta da talabijin take nuna rubutu. Ni lokacin ina koyar da lissafi a firamare, gida ɗaya muke haya.

Cikin kayansa har da wata mujalla mai shafi guda cike da lambobi da haruffa a manne, ba tazara. Yaya ya ce wasa ne a ciki, in muka shigar da su duka. Ya ce lissafin sha-shida ne: bayan tara, A ce goma, B sha ɗaya, har F sha biyar. Ya rubuta wa na'urar ɗan umarni da yarenta: ta ɗauki dogon layin, ta yanka shi bibbiyu, ta ninka na farko sau sha shida, ta haɗa da na biyu, ta ajiye, ta matsa gaba. Aikina in karanta, nasa ya danna.

Matsalar, in aka tsallake harafi ɗaya, duk abin da ya biyo baya sai ya goce, kowa ya auri matar maƙwabcinsa. Ga B da D da E kuma, a bakina duk ɗaya suke fita. Da muka gaji da gardama sai na lura haruffan nan Hausa suke yi. B da A, ba. C da A, ca. D da A, da. Na daina kiran su ɗaiɗai, na koma karanta su yadda suka zo.

A makon nan Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta zo daga Gwaram ganin likitan ido, ta sauka a wurinmu. Ranar Asabar da hantsi tana tsakar gida tana tsinke zogale, mu muna ɗaki mun ja ƙofa saboda haske na kashe hoton talabijin.

Na ce, "Caca."

Yaya ya ce, "Na sa. Ci gaba."

"Ba da hamsin."

"Na ba da."

"Dabba, sifiri."

"Kai ne dabba! Na ce maka bibbiyu za ka raba, ka sa na ɓata!"

"To ai kai ka ci wancan sifirin!"

Ba mu ji fitarta ba. Da muka leƙo neman abinci, zogale na nan a tire, kaji suna ciki, babu Gwaggo. Ashe tasha ta nufa, ta hau motar Gwaram, ta tafi gaya wa Baba.

Bayan la'asar muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Baba ne, wani maƙwabcinsa ya goyo shi, Gwaggo kuma ta biyo su a mota. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

Ya ce, "Ina kartar?"

Yaya ya ce, "Wace karta, Baba?"

Gwaggo ta ce, "Da kunnena na ji. Idona ne ba lafiya, ba kunne ba. Ƙaramin ya ce caca, babban ya ce na sa. Har sunanka suka ambata a ciki, Malam."

Gaskiya ta faɗa, akwai BA BA a layi na uku.

Muka shigar da su ɗaki. Yaya ya ɗauko bayani tun daga A ce goma. Baba, wanda ya yi shekaru yana awon gyaɗa, ya ce shi a saninsa goma ita ce goma, in Turawa sun rasa lambobi su faɗa a ara musu. Ya karɓi mujallar, ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa har ya kai wurin. Ya ce lallai an rubuta, amma ba zai yarda ba sai ya ga ƙarshen abin, kuma shi zai karanta, don ni bakina ya saba da ɓarna.

Haka aka zauna. Baba na karantawa da muryar da yake biya wa almajiran zaure karatu, yana jan kowane harafi, Yaya na dannawa gumi na zuba. In ya zo kan C da A sai ya ce, "Abin nan da ba na faɗa." In biyu ne a jere ya ce, "Shi da ƙanensa." Gwaggo na bakin ƙofa riƙe da mayafi, tana jiran kuɗi su faɗo daga bayan talabijin.

Da aka gama, Yaya ya yi bisimilla ya danna. Allon ya yi duhu. Can sai ga wani ɗan abu mai kusurwa huɗu ya fito daga hagu, yana tafe yana ƙara kamar tsiyayar rufi a kwano, ya ratsa ya ɓace ta dama. Ya sake fitowa.

Baba ya ce, "Mene ne wannan?"

Yaya ya duba mujallar ya ce, "Jirgin sama ne."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ƙara kallo. Ya ce, "Kaska ce."

Gwaggo ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce ita da caca ce ma da ta san abin da za ta gaya wa mutane, yanzu me za ta ce ya kai ta Gwaram ya dawo da ita? Baba ya ce ta ce ta je ɗauko shi kallon kaska. Ya miƙa wa Yaya hannu ya ce a nuna masa inda ake dannawa ta tsaya, yana so ya ƙirga ƙafafunta.