Neman Kawu Sale a Bakin Ruwan Dubai

Al Warsan

Ana idar da sallar asuba na kama hanya. Kusan mako guda wayar Kawu Sale, ƙanin mahaifina, tana kashe, matarsa Inna Rabi kuwa ta kira ni daga Kano har muryarta ta dishe. Kawu makaniken injin jiragen ruwa ne, tun ina yaro yake fafutukar ƙera injin da zai sha man gyaɗa. Gwaninsa a duniya wani Bajamushe ne da ya ƙirƙiro injin manyan motoci, ya shiga jirgin ruwa, aka wayi gari babu shi, sai kwat ɗinsa a ninke. Labarin nan ya ishe mu a gida, yau ga shi ya hana ni sukuni.

Investments Park

Bas biyu na hau kafin na isa masaukin su Kawu. Bulus, abokin ɗakinsa ɗan Kafanchan, ya ba ni shayi da burodi, ya ce rabonsa da Kawu tun da aka kira shi gyara a Port Saeed.

Port Saeed

Na isa da azahar. Mai gadin wurin ya miƙo mini rigar Kawu a ninke, waya a aljihu, hula a kai. Na zauna a kan buhun shinkafa. Da ƙyar na gane bayaninsa: Kawu ya gyara injin wani jirgin katako mai zuwa Oman. Sai na tuna halinsa. Ba ya sallamar inji sai ya ji kukansa da kaya a kai, ko a Kano haka yake bin tirela har Zariya.

Bayan la'asar jirgin ya shigo, ga Kawu cikin singileti, baƙin mai har gira.

"Kawu, ko sallahu ba ka bari ba?"

"Shwaiya, sannu-sannu, Habu. Saurara tukuna, ka ji injin yana tari?"

Na kira Inna Rabi na manna masa wayar. Ta ce, "Malam, injin ya warke?" Ya ce ya warke. Ta ce, "To ni ban warke ba." Sai na ga Kawu ya juya ya kashe injin da hannunsa.

Na koma Al Warsan da magariba, ina gode wa Allah da ya sa na kai rigar ga mai ita da ransa.