Hatimi Na Gani, Ban Karanta Har Ƙasa Ba

Madam ɗin biro, ofishin karɓar takardu, ta juya diplom ɗin ƙanena Sani gaba da baya, sannan ta turo mana shi ta taga.

Dosiyen takardunshi muka kai yau da safe, na kwankur, wato jarrabawar ɗaukar malaman gona. Shekara uku yaron nan yana tasowa daga garinmu Jiratawa bisa babur, yana karatun noman rani a wata makarantar kuɗi cikin Maraɗi.

Na ce, "Madam, lafiya? Makarantar nan tana da izini. Da idona na ga takardar a bangon direkta, cikin gilas, da hatimin gwamnati."

Ta ce, "Malam, ka karanta ta har ƙasa?"

Ni dai hatimi na gani, hankalina ya kwanta.

Ta ce, "Takardar ta gaskiya ce, amma izinin koyar da kasuwanci aka ba su. Fannin noma daga baya suka ƙara, ba wanda ya sa masu hannu."

Na ce, "To yanzu ya yi karatu ko bai yi ba?"

Ta ce, "Ya yi. A wurinmu ne bai yi ba."

Muka garzaya makarantar. Direkta ya ce mu kwantar da hankali, maganar tana hannun manya a Yamai. Ga wasu iyaye tsaye gaban takardar nan ta bango, suna gyaɗa kai kamar yadda na yi a da.

Inna ta riga ta yanka rago, duk Jiratawa Injiniya ake kiran Sani. Jama'a, wanda ya gane wannan al'amari ya taimake ni: in mun koma gida, me zan ce mata?